Ci-ranin da Ba a Dawowa: Jigawa ta Dubi Haiti

A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Jihar Legas suka tare wata babbar mota tana shiga birnin. A cikinta akwai mutum 123 da babura 48. Mutanen suka ce daga Jigawa suka taso, neman abinci ne ya kawo su. Aka tsare su, aka bincika, ba a same su da komai ba, aka sake su. Arewa ta ɗauki zafi, kuma da gaskiyarta, don ɗan ƙasa ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga Legas. Sai dai hayaniyar ta danne tambayar da ta fi shafar mu. Ƙarshen Agusta tsakiyar damina ce. Gero ya kusa nuna, dawa da wake suna jiran hannu. Me ya fitar da majiya ƙarfi sama da ɗari daga ƙasar noma a irin wannan lokaci?

Ci-ranin da muka gada yana da ƙa'ida. Sai an yi girbi, an kai amfani rumbu, an biya bashin damina, sannan magidanci ya rataya jakarsa ya nufi Kano ko Jos ko Kurmi. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi gadi ko yankan farce. Da ya ji labarin hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya kamo hanyar gida da kuɗin iri da turmin atamfa. Gona ce tushe, tafiya ƙari ce. Yau a ƙauyuka da dama na Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram abin ya juye. Tafiyar ta zama sana'a, gonar ta koma abin da ake aiko wa kuɗi a noma, in an samu. Wanda ya fita da niyyar wata huɗu sai ya shekara uku, sai da sallah a gan shi, wani ma sai dai a waya.

Wannan juyi ya fi ambaliya ban tsoro, domin ita kowa yana ganin zuwanta, shi kuwa sannu a hankali yake cinye gari. Akwai ƙasar da ta riga mu bin wannan hanya har ƙarshenta, ita ce Haiti.

Jininmu yana can

Haiti tana yammacin wani tsibiri a tekun Karebiyan, gabashinsa kuma Jamhuriyar Dominikan ce. Faɗinta murabba'in kilomita 27,750, kaɗan ta ɗara Jigawa mai 23,154, mutanenta sun haura miliyan 11. Ranar 1 ga Janairun 1804 Jean-Jacques Dessalines ya shelanta 'yancinta a garin Gonaïves. A watan Fabrairun wannan shekara Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto. Haiti da Daular Usmaniyya sa'o'in juna ne.

Kafin nan sunanta Saint-Domingue, kuma Faransa ba ta da mallakar da ta kai ta kawo kuɗi. Sukari da kofin da Turai take sha, kaso mafi tsoka daga can yake fitowa. Bayi kusan rabin miliyan ne suke noma shi, Turawan da ke kansu ba su wuce dubu arba'in ba. Aikin rake yana cinye mutum cikin 'yan shekaru, shi ya sa jiragen ruwa ba su daina sauke sababbin bayi ba. A takardun gonakin akan rubuta sunan da ubangida ya laƙaba wa bawa, da shekarunsa, da kuɗinsa, da ƙabilarsa: Kwango, Arada, Nago, Ibo, Bambara, da kuma Hausawa. Namu yawancinsu maza ne, an gangara da su ta ƙasar Nufe da Oyo zuwa bakin teku. An rubuta farashinsu, ba a rubuta garuruwansu ba.

Mutum guda daga yankinmu ya bar labarinsa. Mahommah Gardo Baquaqua haifaffen Zugu ne, a kan hanyar fataken goro ta Gwanja, mahaifiyarsa Bakatsiniya. An sayar da shi zuwa Burazil, ya kuɓuta daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, aka tsallakar da shi Haiti domin a lokacin nan ce ƙasar da baƙin mutum yake da tabbacin ba za a sake sa masa sarƙa ba. Ya yi shekara biyu a can. A 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit, kuma burinsa a cikinsa guda ne, ya koma gida.

Boren bayi ya tashi a Agustan 1791. Toussaint Louverture ya jagorance shi har Napoliyon na Faransa ya turo runduna, aka kama Toussaint da yaudara, ya rasu a kurkuku a Faransa a 1803. Waɗanda ya bari suka ƙarasa aikin a fagen Vertières ranar 18 ga Nuwamban 1803. Tarihi bai san wani wuri ba inda bayi suka ci iyayen gijinsu da yaƙi suka kafa ƙasa mai ɗorewa sai nan. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da halin da Haiti take ciki yau, da girmamawa nake faɗarsa. Mutanen da suka kayar da Napoliyon ba ragwaye ba ne. Abin tambaya shi ne yadda aka yi jikokinsu suka koma zaman jiran aike.

Yadda ƙauye ya mutu

A 1825 Sarkin Faransa Charles na Goma ya turo jiragen yaƙi ya ce sai Haiti ta biya faran miliyan 150, diyyar gonaki da bayin da Faransawa suka rasa. Wato wanda ya 'yantar da kansa da jininsa shi ne zai sake fansar kansa da kuɗi. A 1838 aka rage zuwa miliyan 90. Haiti ta ci bashin bankunan Faransa don ta biya, kuma ba ta rabu da wutsiyar wannan bashi ba sai 1947. Manomin kofi na kan tudu shi ya biya, ta hanyar harajin da ake ɗora wa amfaninsa. Abin da ya rage bayan an sallami Faransa kuma manyan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, suka raba. Ƙauye yana bayarwa, ba a mayar masa da makaranta ko asibiti ko hanya.

Daga 1915 zuwa 1934 sojojin Amurka suka mamaye ƙasar, suka tattara mulki da ciniki a babban birni, suka sa talakawa aikin tilas na gina hanyoyi. A wannan zamani ne ci-raninsu ya kankama. Irin namu ne sak: a tsallaka Kyuba ko Dominikan lokacin yankan rake, a dawo in an gama. A gida kuma gonar gado ana ta raba ta tsakanin magada, itatuwan kan duwatsu suna tafiya a gawayi, ruwan sama yana wanke ƙasar noma zuwa teku.

Abu biyu suka ƙarasa manomin. A farkon shekarun 1980, saboda tsoron wata annobar dabbobi, aka sa gwamnati ta karkashe kusan duk aladun gargajiya na ƙasar. Matsayin wannan dabba a gidan manomin Haiti shi ne matsayin akuya a hannun matar ƙauye a Jahun: ita ake sayarwa ranar ciwo, ranar biki, ranar kuɗin makaranta. Cikin ɗan lokaci aka shafe ajiyar talaka. Sannan a 1995, bisa matsin masu ba da bashi na duniya, aka sauke harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 3. Shinkafar Amurka, wadda gwamnatinsu take tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa. Manoman kwarin Artibonite suka kasa gogayya da ita. Ƙasar da take ci da kanta ta koma sayen kusan kashi 80 cikin ɗari na shinkafarta daga waje. Bill Clinton, shugaban Amurkan da aka yi abin a zamaninsa, ya amsa a 2010 cewa kuskure ne, amma a lokacin gonakin sun riga sun zama kufai.

Mutanen ƙauye suka kwarara birni, suka cunkushe a unguwanni irin su Cité Soleil. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 ta same su a haka, ta kashe sama da mutum 200,000. 'Yan siyasa kuwa tun zamanin François Duvalier, wanda ya hau mulki a 1957, sun saba ɗaukar matasa marasa aiki su damƙa musu makami. Da aka kashe Shugaba Jovenel Moïse a gidansa ranar 7 ga Yulin 2021, yaran da aka raina da bindiga suka nuna ba su da ubangida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan daba ne suke riƙe da mafi yawan babban birnin, kuma sama da mutum miliyan ɗaya sun bar gidajensu. Rabon da a yi zaɓen shugaban ƙasa tun 2016.

Alamomin da ke gabanmu

Jigawa ba Haiti ba ce, kuma adalci ne a faɗi haka. Jiha ce cikin tarayya, tana da kason wata-wata daga Abuja, tana da masarautu biyar da jama'a suke saurara, kuma Allah ya ba ta zaman lafiyar da Zamfara da Katsina suke nema ido rufe. Amma sarƙar da ta ja Haiti ƙasa ba da bindiga ta fara ba. Ta fara ne ranar da gona ta kasa riƙe mai ita. Wannan matakin kuwa mun taka shi.

Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3 da ɗoriya. Tun daga nan an haifi wata al'umma guda, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Gonar da kaka ya ciyar da gandu da ita an raba ta tsakanin 'ya'ya, an sake rabawa tsakanin jikoki, har ta kai abin da mutum zai noma bai kai shi watan azumi ba. A kewayen Dutse, tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agustan 1991, gari yana ta haɗiye gonaki yana mayar da su filoti. A yankin Gagarawa an sha rigima da manoma a kan hekta 12,000 da aka ware wa wani kamfani domin noman rake. Ko da kamfani ya kawo aiki, wanda ya rasa gonarsa ya tashi daga mai abin kansa ya koma ɗan ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba abin da ya ɗaure shi da gari.

Ruwa ma ya sauya hali. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, shekarar da ruwa ya yi yawa sai ya fantsama cikin gari da gona. A daminar 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum ɗari a jihar, ta shafe gonaki a Ringim da Miga da Jahun da Kafin Hausa da Auyo. Mai noman rani kuma, tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin fetur ɗin injin ban-ruwa yake cinye ribarsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama na kwana 150 don a sassauta wa mai saye. Mai saye ya samu sauƙi, kuma yana buƙatarsa. Amma da farashin hatsi ya faɗi, taki bai biyo shi ba, manomi ya wayi gari sai ya sayar da buhun shanshera fiye da ɗaya kafin ya ɗauki buhun taki guda. Wanda ya san labarin Artibonite dole gabansa ya faɗi. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019, kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna cikin talauci, Sakkwato da Taraba kaɗai ne suka ɗara ta.

Akwai wata kama da ba na son tunawa, amma ba ta ɓoyuwa. A Disambar 2021 tankar mai ta faɗi a birnin Cap-Haïtien, jama'a suka fito da bokitai suna ɗiba, ta kama da wuta, mutum kusan 90 suka rasu. Ranar 15 ga Oktoban 2024 haka ta faru a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, muka binne sama da mutum 200, Allah ya jiƙansu. Teku ya raba garuruwan biyu, harshe da addini sun raba su, amma abin da ya fitar da matasa cikin dare da bokiti a hannu iri ɗaya ne.

Ka tsaya a rumfar mai POS ranar kasuwar Shuwarin ko Gujungu. Dattijo zai zo da 'yar wayarsa a ƙulle cikin leda, ya miƙa wa yaron ya ce, "Ɗana, duba min ko ya shigo." Yaron ya danna ya girgiza kai: "Baba, bai shigo ba tukuna, ko za ka ɗan zauna?" Sai ya koma gefe kan benci, inda wasu irinsa suke. In kuɗin ya shigo, kafin la'asar ya ƙare a awo da magani da bashin mai shago. Wannan aike rahama ce, kuma yaron da ya kwana a ƙarƙashin gada a Legas don ya turo shi ya cancanci addu'a. Sai dai kuɗin ci ne, ba ya gina komai. Haiti tana samun dala biliyan uku zuwa huɗu a shekara daga 'ya'yanta na waje, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan tattalin arzikinta, kuma bai hana ta durƙushewa ba. Illarsa ta ɓoye ita ce yana sauke wa hukuma nauyi. Muddin ɗa yana turo kuɗin magani, ba wanda zai tsare shugaban ƙaramar hukuma ya tambaye shi dalilin da asibitin gari ba ya da magani.

Ba masu babur kaɗai suke tafiya ba. Zamanin Duvalier likitoci da malamai da injiniyoyin Haiti suka watse zuwa Montreal da New York, wasu ɗaruruwa suka tafi koyarwa a Kwango bayan ta sami 'yanci. Wani binciken Bankin Duniya ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu ilimin jami'a na ƙasar a waje suke zaune. Jigawa ta kashe kuɗi mai yawa ta tura 'ya'yanta karatun likita a Sin da Sudan da wasu ƙasashe, abin yabo ne. Amma ƙungiyar likitoci reshen jihar ta sha kokawa cewa ana horar da su suna ficewa, wasu zuwa asibitocin tarayya, wasu Saudiyya da Ingila. Talakan Gwaram ne ya biya kuɗin karatun, wani can yake cin moriyar.

'Ya'yan waɗanda suka tafi

Mai tafiya yana ɗauka zai dawo. Ɗansa da aka haifa a can shi ne yake biyan kuɗin wannan zato. A Oktoban 1937 shugaban Dominikan, Rafael Trujillo, ya sa aka karkashe dubban 'yan Haiti mazauna kan iyaka, da yawansu a nan aka haife su. A 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa duk wanda aka haifa tun daga 1929 ga iyayen da ba su da takardar zama ba ɗan ƙasa ba ne. Mutum kusan 200,000 suka wayi gari ba ƙasa, jikokin masu yankan rake waɗanda ba su taɓa taka Haiti ba.

Mu ma muna da irin wannan labari. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903, jama'a masu yawa suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Wasu suka biyo baya a hanyar hajji ta ƙasa, suka tsaya aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, suka hayayyafa. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, a Yulin 2022, da Hausawan jihar Blue Nile suka nemi sarautarsu ta gargajiya sai aka ce musu baƙi ne, ba su da ƙasa. Rikicin da ya biyo baya ya ci ɗaruruwan rayuka kafin shekarar ta ƙare. A Gana kuwa, a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kwaso mutanen zango waɗanda wasunsu ba su san hanyar garin kakanninsu ba.

A cikin gida ma ba ta canza zane ba. Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta a Fabrairun 2020, ta ƙara tsanantawa a Yunin 2022, aka murƙushe dubban babura, jarin mutane da yawa ya tafi a rana ɗaya. An ƙone kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021. A Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Kano a Uromi suna hanyar zuwa gida sallah daga Fatakwal. Yaron da aka haifa a Agege ga uba ɗan Kiyawa, Legas ba za ta ba shi takardar asali ba, in ya zo Kiyawa kuma sai an nemo wanda ya san kakansa. Mun ga ƙarshen wannan rashin lissafi a 2020, lokacin annobar korona, da jihohi suka riƙa loda almajirai a mota suna mayarwa. Ɗaruruwa aka sauke a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau kusa da Dutse, aka shiga neman iyayensu gari-gari. Jihar ba ta san adadin 'ya'yanta da ke waje ba sai da aka juye mata su a ƙofar gida.

Abin da suka riƙe, mu muka saki

Duk da wahalar da Haiti take ciki, akwai abin da ta fi mu. Ta riƙe tarihinta, kuma shi ne igiyar da ta ɗaure na waje da na gida. Ɗan Haiti a Miami ko Paris yana koya wa ɗansa Kiriyol, harshen da bayi suka ƙera, wanda tsarin mulkin 1987 ya ɗaga ya zama harshen hukuma tare da Faransanci. Kowace ranar 1 ga Janairu, duk inda yake, zai dafa miyar kabewar da aka ce an hana bayi sha a zamanin bauta, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan miya cikin kayan gadon duniya. Ƙasar ta kafa ma'aikata sukutum domin 'ya'yanta na waje, a 2012 kuma ta gyara tsarin mulki don wanda ya karɓi takardar wata ƙasa kada ya rasa tasa.

Mu fa? A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Ningi, daga zamanin Ɗan Maje zuwa Haruna da Ɗan Yaya, sun sha afka wa ƙasar Birnin Kudu da Gwaram da Dutse suna kwasar mutane. Dakarun Kano su ma sun shiga duwatsun Ningi da Warji sun kamo nasu. Basasar Kano ta 1893, wadda Yusufawa suka yi sansaninta a Takai, nan maƙwabtanmu, ta sake tarwatsa garuruwa. An kama namu, mu ma mun kama na wasu mun sayar, kuma bauta ba ta haramta baki ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Hausawan da yaƙe-yaƙe suka jefa Burazil sun tayar da bore a Bahia a 1807 da 1809 da 1814, malaman tarihi na can suna ta rubutu a kansu. A makarantunmu ɗalibi zai gama sakandare bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Al'ummar da ba ta san yadda ta watse jiya ba, ba za ta gane tana watsewa yau ba.

Gyara yana farawa da lissafi, kuma ba ya buƙatar biliyoyi. Masarautar Dutse tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙananan hukumomi bakwai. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka fita. A ba shi littafi ya rubuta wanda ya tafi, da inda ya tafi, da sana'arsa, da 'ya'yan da ya haifa a can, har da almajiran da aka kai wasu garuruwa. Gwamnatin tarayya tana da hukumar 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, amma ɗan Miga da ke tura baro a kasuwar Mile 12 ba ya cikin lissafin kowa. Jiha ta buɗe ofishin da zai yi aiki da sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Fatakwal, ya tsaya wa wanda aka zalunta da lauya, ya sauƙaƙa wa 'ya'yansu takardar asali. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su tura ɗalibai ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya tun dattawan da suka ji labarin Ningi da tafiyar gabas daga bakin kakanninsu suna raye.

Babban aikin dai yana gona. Riɗi da zoɓo suna fita daga jihar nan ɗanye a buhu, wasu suke sarrafawa su ci riba. Dutse tana da tashar binciken dabino, amma kasuwanninmu dabinon Nijar da na ƙasashen Larabawa suka fi sayarwa. Duk masana'antar da za ta tace riɗi ko ta gyara dabino a nan, mota guda ce ta matasa da ba za ta tashi ba. A yashe kogi, a kai injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana hannun manomi na gaskiya, a sayi amfani da daraja lokacin kaka, kuma gwamnan jiha da 'yan majalisarmu su buɗe baki a Abuja duk ranar da za a buɗe iyaka a kan gumin manomi. Kada a karɓi gonar talaka sai da yardarsa da diyyar da za ta tsayar da shi da ƙafarsa. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Legas da Abuja su ware wani abu daga aike su haɗa jari a gida. Ɗan siyasar da yake tara matasa yana saya musu ƙwaya lokacin zaɓe kuma, a nuna masa Port-au-Prince, don can ma da haka aka fara.

Ba wanda zai hana Bahaushe tafiya, fatauci da neman ilimi gadonsa ne. Abin da muke nema shi ne ya tafi da zaɓinsa, a san inda yake, kuma ya tarar da abin dawowa. Haiti bashin Faransa da mamayar Amurka suka karya ta, tana da wanda za ta nuna da yatsa. Mu muna da ƙasa da ruwa da zaman lafiya da kason wata-wata. In ƙauyukanmu suka zama kufai, laifin namu ne. Mai girma gwamna, iyayenmu sarakuna, malamai da 'yan majalisa, a fara ƙirga waɗanda suka tafi tun daga kakar bana, a kuma tsaya wa waɗanda suka rage a gona kafin su ma su hau mota.